Kafin a Sa Mini Sabon Haƙori

Ya hasken idona, inuwar da nake gudu in fake a cikinta idan rana ta take, ruwan sanyin da ke ratsa maƙogwarona bayan doguwar tafiya! Ya kai da muryarka kaɗai ke sa in manta ƙafata tana kan keken ɗinki! Na gaishe ka kaina a sunkuye, alƙalamin ma nauyi yake yi mini. Rubutu na zaɓa saboda bakin da ya kamata ya ba ka haƙuri a kumbure yake, kuma shi ne ya ja mini wannan abin kunya.

Ka tuna ranar da ka fara shigowa shagonmu, ƙurar katako a gashinka, wandon aikinka a yage a gwiwa? Na gama ɗinki, na kai zaren baki na datse da haƙori kamar yadda na saba, ga almakashi a gabana yana kallona. Ka ce wata rana haƙoran nan sai sun kai ni ƙara. Na tuntsire da dariya, a nan ka hango wushiryata, daga ranar kuma sunana ya ɓata a bakinka, sai dai Mai Wushirya. Wayyo! Sau nawa na tsaya gaban madubin masu gwada kaya ina murmushi ni kaɗai, ina neman abin da ka gani?

To, masoyina, bakinka ya kama ni. Haƙorin gaba da ya sha zare da fil da maɓalli shekara da shekaru ya tsage har saiwa. Likitan haƙori ya cire shi, ya dasa wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙusa a ƙashin, ya ɗinke dasashin, ya ce sai ƙashi ya riƙe ƙarfen nan da wasu watanni sannan a ɗora sabon haƙori. Ni da nake ɗinke kayan mutane, ni aka ɗinke! Kuma don rashin kunya irin ta tela, da na duba a madubi sai da na yaba hannunsa. Kai kuwa na ce maka aiki ne ya yi mini yawa, na daina ɗaga wayarka.

Ina ma ka ga yadda rayuwata ta koma! Ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle a kan kumatu. Filo biyu a ƙarƙashin kai. Ruwan gishiri mai ɗumi, in karkata kai hagu da dama a hankali, in bar shi ya zuba da kansa, don an hana ni tofarwa da ƙarfi. Shayi sai ya huce, nama sai dai in ji ƙanshinsa, tauna sai ta can gefe kamar tsohuwa. Duk wannan na jure ba hawaye. Abin da ya karya mini zuciya shi ne giɓin nan, da ya haɗiye wushiryar da kake so ya bar rami. Na ce a raina, me ya rage wanda zai kalla?

Sai ga shekaranjiya. Na cire takunkumin da nake rufe fuska da shi zan kurkure baki ke nan na ji sallamarka a ƙofar shago. Ban san lokacin da na faɗa bayan labulen gwada kaya ba, kofin ruwan gishiri a hannuna. Yayata da muke shagon tare, wadda ƙarya ba ta zauna mata a baki, ta ce na fita sayo zare. Labulen nan ni na yanka shi da hannuna, na kuma san bai kai ƙasa ba. Ƙafafuna na nan a fili, cikin silifas ɗin da kai ka saya mini! Na ji ka ajiye leda a kan tebur, ka ce a gaishe ni idan na dawo, takunka ya yi nisa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na shige ina godiya.

Na fito na buɗe ledar nan. Ayaba nunanniya, madara, da buroshin haƙori mai laushi irin na yara. Ashe ka sani! Yaya ta dube ni ta ce tun ranar da aka yi aikin ka tsare ta da tambaya ta faɗa maka, kuma kai ka je wurin mai kantin magani ka tambayi abin da mai ɗinki a baki zai iya ci. Ta ce in ban da wauta, wa ke ɓuya daga mutumin da ya zaɓo masa buroshi? Ni ina bayan labule ina ɓoye haƙori ɗaya, kai kana tsaye da zuciyarka gaba ɗaya a hannu. Kunyar giɓin ta tafi, wadda ta fi ta nauyi ta zauna a gurbinta, domin na auna sonka da ma'aunin da bai kai darajarsa ba.

Tun ranar wayata ba ta yi ƙara da sunanka ba, kuma ban ga laifinka ba. Amma shirunka ya fi allurar likita zafi, ita ai ta kashe mini ciwo ne. Shin fushi kake, ko ka gaji? Ka yi mini faɗa, ka tsokane ni, ka raɗa mini sabon suna ka yi ta dariya, komai zan ɗauka ban da wannan shirun.

Alfarma ɗaya nake roƙo, ya sanyin raina. Kada ka jira sai an sa sabon haƙorin. Idan sai na gyaru za ka gan ni, har abada ba za ka yarda cewa na amince da kai ba, ni ma ba zan yafe wa kaina ba. Ka zo yanzu, da sauran kumburin, da zaren likita a dasashina. Zan tare ka a bakin ƙofa fuska a buɗe, in kira sunanka ko da iska za ta kwashe rabinsa, in yi maka dariya da bakin nan yadda yake. Sai ka duba da kyau, ka yanke hukunci.

Taka ce ni, da haƙori ko babu, yau da gobe har numfashina na ƙarshe.

Telarka mai jin kunyarka.