Kada ki zubar da tsohon maganin Yaya

Umma,

Na tafi aiki kina barci. Na ga kwalin tsohon maganin Yaya a kwandon shara, na ɗauko, yana kan firji. Laifina ne, ban yi miki bayani ba da muka dawo daga asibiti jiya. Sabon ba canji ba ne, ƙari ne. Likita ta ce tsohon shi kaɗai bai hana shi jin muryoyin nan ba. Ki ba shi duka biyun bayan ya karya, ki tsaya ya haɗiye.

Na san kin gaji da gwaje-gwaje, ni ma haka. Amma a mota ya tambaye ni ko kina cin abinci. Rabon da ya tambayi lafiyar wani, shekara biyu ke nan.

Autarki