Zuwa ga Inna, a Kan Gidan da Na Gina Na Kuma Rushe

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Hajiya Asabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ta dace da uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce 'yarki Rukayya, daga Riyad. Maigidana Malam Sani yana lafiya, har yanzu yana fama da karatunsa. Jikokinki sun girma, sai dai in na yi musu Hausa, da Larabci suke mayar mini.

Inna, na gaji. Da kina raye, da waya zan buga miki, ki bar ni in yi ta zuba har in huce. Tunda babu hali, bari in rubuta, wanda ya ga dama ya karanta.

Ke ce kike gaya wa maƙwabta a Funtuwa cewa 'yarki mai zanen gidaje ce. Ban taɓa gaya miki ba, a ofishinmu na nan matakala da wurin ajiye motoci kawai nake zana wa dogayen benaye. Haka nake yi shekara da shekaru, har ranar da abokiyar aikina Lina ta ajiye cokali muna cin abincin rana, ta ce tana neman alfarma.

Lina Bafalasɗiniya ce. A nan aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙauyensu ba. Danginsu suna da gida da gonar zaitun a jikin wani tudu a Gaɓar Yamma, ɗan kawunta Jamil ne ke zaune a ciki da iyalinsa. 'Yan kama-wuri-zauna sun riga sun kafa gidajensu a saman tudun. Sai ga takarda daga hukumar mamaya, wai gonar ba ta kowa ba ce, an daɗe ba a noma ta, gidan kuma sabon gini ne marar izini. Lauyoyin Jamil suna aiki da wasu masu zanen gini da suka ƙware a irin wannan bincike. Su tattara tsofaffin hotuna, su sake gina wurin a kwamfuta, don alƙali ya ga abin da ke wurin, da kuma tun yaushe. Aiki ya yi musu yawa, suna neman hannu.

Na ce mata to. Da na gaya wa Malam, ya ce in yi, amma in tuna mu baƙi ne masu zaman iƙama, takardar izinin zama da za a iya ƙwacewa. Shi ya sa ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, sunayen mutanen ma na sauya.

Da kin ga yadda aikin yake, da kin ce wahalar banza. An turo mini wani hoto baƙi da fari da jirgi ya ɗauka tun zamanin Turawa, da hotunan tauraron ɗan'adam na baya-bayan nan, da bidiyon bikin auren Jamil inda kyamara ke rawa a hannun mai ɗauka. Sai in daidaita bakin tudu da bakin tudu har su hau kan juna. Tsawon inuwa ya ba ni tsayin katanga. Kowace bishiyar zaitun ɗigo ce baƙi, in bi ta daga wannan hoto zuwa wancan, in ga tana girma. Duk Asabar a kan haka take ƙarewa, idanuna na zafi, wuyana ya sandare.

Akwai ƙa'ida guda da ba a karyawa. Abin da hoto ya tabbatar, a gina shi sosai. Abin da baki kawai ya faɗa, a bar shi dishi-dishi, don kada lauyan ɗaya ɓangaren ya ce mun ƙirƙira.

Da ginin ya tashi, aka ce in nuna wa wadda ta zauna a ciki. Kakar Lina ce, Ummu Sabir, tana wani ɗan gidan haya a unguwar Shumaisi kusa da asibitin da ake yi mata wankin ƙoda. Inna, ta kama wuyan hannuna ta zaunar da ni yadda kike yi mini, sai da na kau da kai. Ta sa aka kawo shayi da na'ana'a. Na buɗe kwamfuta, na shigar da ita ta ƙofar gidan da ta bari tun tana goyo, lokacin da yaƙi ya same su a waje aka hana su komawa.

Ba ta yi kuka ba. Ta dinga nuna mini da yatsa, nan suke shanya alkama, nan surukarta take zama da hantsi. Muka zagaya baya, inda wata bishiyar ɓaure take. Sai ta ce ina ɗakinta? Na nuna mata wani ɗaki da na zana dishi-dishi, domin a kowane hoton sama ɓauren ne ya rufe wurin, Jamil kuma tun tasowarsa tudun ƙasa kawai ya sani a can. Ta dube ni ta ce, "Ya binti, 'yata, ɗakin da na haifi Sabir a ciki shi kika mayar hayaƙi?" Na yi mata bayanin ƙa'ida, Lina ta maimaita. Ta ce, "To ni ba shaida ba ce?" Ta ture kofin shayinta. Har muka tafi ba ta sake kallon kwamfutar ba.

A mota na tuna ki, kina yaɓe katangar baya kafin damina, kina cewa in dai na yi karatun nan, in zana gidan da mutum zai kwana a ciki hankali kwance.

Aka shigar da aikin kotu. Aka ɗage zama, aka sake ɗagewa. Lina ta daina ba ni labari, ni ma na daina tambaya. Ana cikin jiran sabuwar rana, katafila ta hau tudun da safe, sojoji na biye da ita. Jamil ya kwashe yaransa ya tsaya a gonar maƙwabci, ya ɗauki komai a waya.

Na ɗauka shi ke nan, aiki ya ƙare. Ashe da saura. Lauyoyin suka ce suna buƙatar a nuna rusau ɗin dalla-dalla, wace katanga ta fara faɗuwa, ta ina aka shigo, bishiya nawa aka tuge. Kuma ni na gina, ni na san kowane dutse. Haka na zauna, bidiyon Jamil a gefe, ginina a gefe. In katafila ta ture katanga a can, in ture tawa a nan. Muryar matar Jamil tana kiran sunan Allah, na ji ta har na haddace, sai da na kashe sautin. Na rushe zauren, na rushe madafa, na goge zaitun ɗigo bayan ɗigo. Ban iya cin abinci ranar ba. Malam ya kwashe yara suka tafi kasuwar Aziziya sayen kayan miya don in samu shiru.

Can wajen ƙarshen bidiyon, katafila ta tuge ɓauren ta kankare tudun ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Na tsayar da hoton. Ga duwatsu nan a jere, kusurwa huɗu, da giɓin ƙofa ta gabas. Harsashin ɗaki ne, Inna. Na auna, na sake aunawa. Yana nan daidai inda tsohuwar ta ce.

Lina ta so a ɓoye wa kakarta zancen rusau. Muka je Shumaisi da niyyar gaisuwa kawai. Tun kafin mu cire takalmi ta ce Jamil ya kira ta kafin ya kira kowa, in buɗe in nuna mata. Na nuna. Ta kalla daga farko har ƙarshe, carbi a hannunta bai motsa ba. Da muka kai wurin harsashin, ta ɗora tafinta a kan gilashin ta daɗe. Ta ce, "Yanzu sun yarda?" Na ce lauyoyi za su sa shi cikin ƙarar, kuma yanzu zan iya gina ɗakin sosai. Ta ce, "Sai da suka rushe." Sannan ta tambaye ni ko na ci abinci, don ta ga na rame.

Jamil da yaransa suna kwana a tanti, a kan ƙasar tasu, don in suka matsa za a ce sun bar ta. Ban san abin da kotu za ta ce ba, kuma na daina yi wa kaina alkawari. Jiya Lina ta turo mini saƙo, maƙwabcin Jamil ma an kawo masa irin takardar, da hotunansa a haɗe. Ban buɗe ba tukuna. Asabar zan buɗe.

Ya Allah, ka ji ƙan Inna, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Ka ba Ummu Sabir lafiya, ka sa wa Jamil da yaransa rufi a kansu kafin ruwa ya sauko. Ka mayar da duk wanda aka raba da gidansa zuwa ƙofarsa. Ni kuma ka ƙara mini ƙarfin ido da na zuciya. Amin.

Ki huta lafiya, Inna.

'Yarki mai kewarki,
Rukayya
Shifa, Riyad