Azumin da Baba Ya Ɗora wa Kansa

Umma,

Assalamu alaiki. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba, ba kuma za ki taɓa karanta ta ba. Amma in ban faɗa miki ba, wa zan faɗa wa?

Gida lafiya. Ƙanwata Sadiya ta yaye ɗanta, rufin kicin kuma har yanzu yana yoyo. Baba ne ba lafiya, ko da yake shi bai yarda ba.

Tun da likita ya ce sugansa ya hau, ya kamata ya rage ƙiba, wani abokin aikinsu a kamfanin robobi na Sharaɗa ya nuna masa wani tsari a waya: mutum ya rufe baki tun bayan isha'i, sai yamma ya ci. Wai azumin rage tumbi. Ni ban ƙi tsarin ba. Na je har asibiti na tambayi nas ɗin da ke duba shi. Ta ce masu yin sa suna shan ruwa sosai, har da shayi marar suga, kuma a hankali ake farawa. Mai shan maganin suga kuwa kada ya kuskura, sai likita ya gyara masa yadda zai sha maganin, don suga na iya faɗuwa farat ɗaya.

To, kin san mijinki. A wurinsa azumi iri ɗaya ne a duniya, wanda ya tashi da shi. Ko kurɓin ruwa ba ya yi, gani yake ha'inci ne, alhali ba Ramadan ba, ba nafila ba, ba wanda ya ɗora masa. Da asuba ya haɗiye ƙwayar maganin sugansa ciki wayam, ya tafi ya wuni gaban injin narka roba cikin wannan zafin. Ga wani shayin rage ƙiba a leda da ake sayarwa a bakin get ɗin kamfanin, ba suna ba lamba, in ya sha sai zaryar banɗaki. Ga ƙwayoyin bitamin da yake cewa sun tsaya a madadin abinci. Umma, yaushe bitamin ya zama tuwo?

Ni kuma 'yar fari ce. Bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ba. Ke ce bakinmu. Ban taɓa gaya miki ba, amma da ina yarinya nakan ji kishin yadda kike shiga ɗakinsa da maganata, ki fito da amsa kina dariya. Me ya sa ba ki koya mini yadda ake yi ba?

Shekaranjiya jiri ya ɗebe shi a bakin inji. Malam Bulus, mutumin Kagoro da suke aiki layi ɗaya, shi ya fizgo shi bayan hannun rigarsa ya fara shiga. Yana ɗura masa lemo, Baba na kau da kai wai lokaci bai yi ba. Baba bai faɗa a gida ba, matar Malam Bulus ce ta kira ni.

Yau da safe na tare shi a zaure. Na ɗaga kai na dube shi, na zayyana masa duk abin da nas ta ce. Na ce masa na rasa uwa, ba zan iya rasa uba a kan tumbi ba. Ya koma ɗaki ya jima, sannan ya fito ya raɓa ni ya wuce.

Da na leƙa ɗakinsa, katin asibitinsa ba ya kan taga. Amma takalmin aikinsa ma babu. Ga la'asar ta wuce, wayarsa a kashe. Ina jin tsoro, Umma. Ke da kika san shirunsa iri-iri, wanne ne wannan? Na wanda ya ji magana, ko na wanda aka ɓata wa rai?

Bari in tsaya nan, in koma zaure in jira shi. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa kina hutawa.

'Yarki ta fari,
Bilkisu