Ƙorafin Mai Kula da Ɗakin Gwaji kan Dakatar da 'Yar Gaba

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Harkokin Ɗalibai
Daga: Mai Kula da Ɗakin Gwaji na Biyu, Sashen Kimiyyar Sinadarai
Kwanan wata: Litinin, 12 ga Mayu

Game da: Dakatar da ɗalibar rukuni na uku, da rahoton ƙarya da na sa wa hannu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a kan hukuncin da kwamitin ladabtarwa ya yanke ranar Talata, 6 ga Mayu, na dakatar da ɗalibar da 'yan ajinsu ke kira 'Yar Gaba, don a bencin gaba take zama. Jarrabawarta ta ƙarshe ranar 19 ga wata ce. In ba ta zauna ba, wahalar shekara huɗu ta tashi a banza.

1. Shekarata goma sha tara a wannan ɗaki. Duk tsawonsu, in an gama gwaji maza sukan rataye farar riga su fita, mata su tsaya wanke kwalabe a ɗakin wanki na baya. Babu dokar da ta ce haka. Ni na bari, har nakan tsokane su cewa suna koyon zaman gidan miji. Makulli kuwa shugaban rukuni nake ba wa, kuma ban taɓa naɗa mace ba. A rukuni na uku ita kaɗai ce mace.

2. Ranar Alhamis, 24 ga Afrilu, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, na dawo daga sito na tarar da ɗakin wanki a kulle ta ciki, famfo na zuba. Na ji ana buga wani abu da bango har sau uku. Daga baya na gane kan yarinyar ne. Da na ɓalle ƙofar, sai na tarar shugaban rukunin, wanda suke kira Kyaftin, ya danne ta a ƙasa, gwiwarsa a cikinta, hannunsa a maƙogwaronta. Rigar gwajinta ta yage daga wuya har aljihu. Haƙorinta ɗaya na cikin ruwan sabulu a kan siminti. A kan idona ta laluba ta ɗauki kwalbar awo ta fasa masa a kunci. Da ba ta yi ba da ni zan yi, kuma da abin da ya fi kwalba nauyi.

3. Jini na zuba masa, ya ce da ni ai ta daɗe tana wanke masa kwalabe tana kwafa masa darasi, kuma mace ba ta cewa to a karon farko, sai namiji ya nuna shi namiji ne. Ko a jikinsa, kamar mai karanta abin da ke kan allo.

4. Washegari shugaban sashenmu na Sinadarai ya umarce ni in rubuta cewa rigima ce tsakanin ɗalibai har aka fasa kayan gwaji. Ya ce yaron yana da makoma, ita kuma rufin asiri ya fi mata. Saura shekara biyu in yi ritaya. Tsoro ya ci ni, na sa hannu, kuma ina jin kunyar hannun nan har yau.

5. Kwamitin bai kira ni ba. Mahaifiyar yarinyar, da ta zo ɗaukar jakarta, ita ta gaya min tambayoyin da aka yi wa 'yarta: me ya tsayar da ita da namiji su biyu, me ya sa take yi masa murmushi, kuma don me ba ta yi ihu ba. Ranka ya daɗe, wanda aka shaƙe ba ya ihu. Kuma ba ita ta tsaya ba, ni na tsayar da ita. Shi an yi masa ɗinki shida yana shiga aji, abokansa na kiran tabon lambar yabo. Ita an rubuta mata laifin raunata ɗalibi da lalata kayan makaranta. An bar jaki ana dukan taiki. Mahaifiyar tata ta durƙusa ta yi min godiya don na ɓalle ƙofa, na kasa kallon idonta.

Saboda haka nake roƙo cikin ladabi a janye dakatarwar kafin ranar 19, a soke rahotona na 25 ga Afrilu, a kira ni in ba da shaida a gaban Kyaftin, sannan a miƙa maganar ga 'yan sanda. Duk hukuncin da ya hau kaina a kan ƙaryar da na rubuta, na karɓa.

An ce in share ɗakin wankin, na share, amma ban zubar ba. Rigar, fasasshen gilashin da haƙorin suna cikin kwali a kabad na huɗu. Makullinsa yana wuyana, kuma wannan karon ba zan ba kowa ba sai kai.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Mai Kula da Ɗakin Gwaji na Biyu, wanda ɗalibai ke kira Baba Makulli