Rijiyar da Ta Koma Shuɗi

Urafane, 2 ga Afrilu 1984

Yaya Abdurrahamane,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna da mutanen gida. Mu dai babu lafiya. Karofin mijina Gajere ya tsage saboda farin nan, ruwan rini ya yoyo cikin rijiyar unguwa, ita kaɗai ta rage mai ruwa. Guga sai ya fito shuɗi kamar rawani. Jandarma sun tafi da Gajere Tasawa. Kumandan ya ce in ruwan bai washe ba nan da Juma'a biyu, kaso za shi, wato gidan yari, kuma ka san sojan nan ba su maimaita magana. Mata sun daina amsa gaisuwata. Kai ka yi lakwal, ka san boko, don Allah ka hwaɗa mini abin yi. Tsoro nake ji, Yaya.

Ƙanwarka,
Zara'u

Mayahi, 5 ga Afrilu

Zara'u,

Bayan gaisuwa da jaje. Na tambayi Inna, tunda ta tsufa cikin ginin tukwane. Ta ce ki nemi farin yumɓu, ki daka shi lilis, ki tankaɗe. A zuba a rijiya, a motsa da gora, a bar shi ya kwana. Yumɓu zai riƙe shuni ya nutse da shi, sai a yashe laka. Ki yi haƙuri, ki bar kuka.

Yayanki,
Abdurrahamane

Urafane, 9 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya saka wa Inna da alheri! Kwando goma sha ɗaya na daka ni kaɗai, hannuna duk ya sale. Ruwa ya yi garau. Amma mutane sun ƙi sha, wai wayo ne, shunin ɓuya ya yi. Kumandan ya aiko cewa ran Juma'a zai zo, matar marini ta sha a gabansa, sannan ya saki Gajere. Abin sauƙi! Ko rijiyar duka ce sai in shanye.

Zara'u

Mayahi, 11 ga Afrilu

Zara'u,

Gaisuwa a gurguje. Kada ki sha. Jiya na tuna, bana ko ganye ɗaya baban rini bai yi ba, to da me Gajere yake rini? In galurar kanti ce, da soda mai ƙona ciki ake haɗa ta. Yumɓu launi kawai yake ɗauka, soda tana nan cikin ruwa, ido ba ya ganinta. Ki roƙi kumandan a yashe rijiyar sau uku tukuna. Na haɗa ki da Allah.

Abdurrahamane

Urafane, 15 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Gajere ya dawo gida, shi ke rubuta wannan, ina hwaɗa masa kaɗan-kaɗan, don magana na yi mini wuya. Galura ce. Ni na sani tun farko, ni ke dama masa. Takardarka ta iso Asabar, na sha ƙwarya biyu Juma'a. Na ce a rufe rijiyar, an rufe. Ko kunu ba ya wucewa. Kada ka gaya wa Inna, za ta ce yumɓunta ne.

Ka yafe mini,
Zara'u