Motarka da Idon Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Inna lafiya ƙalau, ƙafar ma ta yi sauƙi. Baba ne dai babu daɗi, kuma raina a ɓace nake rubuta maka.

Motar da ka bar mana ce ta fara shaƙewa, Baba ya rantse ba mai taɓa ta sai shi, wai shekara arba'in yana kanikanci. To, shi motocin da ya saba da su masu kafireta ne, a zare tiyo mai ya ɗiga a hankali. Mijina, da yake direba ne, ya gaya masa wannan ba irinsu ba ce, man cikin tiyonta a matse yake ko an kashe ta. Ya ce a cire fis ɗin famfon mai, a bar injin ya mutu da kansa, a cire kan batir, a sa tabarau, a kuma turo ta waje inda iska take. Baba ya ce ba direba ne zai koya masa aiki ba. A cikin garejin nan mai ƙofa ɗaya ya kwanta ƙarƙashinta, ya kwance tiyo, fetur ya feso masa cikin ido. Sai da muka yi ta kwarara masa ruwa kafin asibiti.

Abin da ya fi ba ni takaici, da na je share wurin sai na tarar da robar wankina cike da fetur kusa da injin wuta, ga guntun tiyon da yake zuƙo mai da baki, duk shatin haƙora. Ashe warin da muke ji a kofin shayinsa ke nan.

Likita ya ce sai ranar Alhamis za a san makomar idon hagu. Amma yau da safe na same shi a gareji, ido a naɗe, yana laluben sifana, wai aiki a hannu yake, ba a ido ba. Maganarka kaɗai yake ji. Ka kira shi ka ce ka hana, motar ai taka ce. Kafin nan makullin gareji yana ƙasan jakata, kuma tun safe bai amsa gaisuwata ba.

Ka gaishe min da Anti da Auta da sarkin rigimarku. Inna tana sa muku albarka.

Taka ƙanwa,
Ƴar Baba