Tambayata ta Bak a Kan Poka Ce, Baba Bai Sani Ba

Assalamu alaikum Anti Kadidiatou. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, ni da ban isa sa baki cikin filin manya ba. Sau uku ina rubutawa ina gogewa. Don Allah ki taimake ni kafin ranar Lahadi.

Shekarata goma sha bakwai, ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, a unguwar Minguettes ta Vénissieux. A watan Yuni zan yi Grand oral, wato ɓangaren baki na bak, jarrabawar kammala sakandare: ɗalibi ya shirya tambaya biyu, malamai su zaɓi ɗaya, ya tsaya minti goma yana bayani. Ni kuwa ko baƙo na gaida sai Inna ta ce in sake, ba a ji ba.

Yayana Mounkaila yana Paris, shi ke raba karta a wani gidan poka, irin cacar nan ta karta. Ba ya wasan, an ma hana su. Amma shekara uku ke nan Baba bai kama sunansa ba, sai dai "wancan na Paris". A hutun Fabrairu na je wurin gwaggona a La Courneuve, kusa da Paris, Yaya ya zo ya tarar ina tsintar wake. Na tambaye shi mene ne aikin nasa takamaimai. Ya ce tun da ya fara babu wanda ya taɓa tambayarsa a gidanmu. Ya ɗebi wake ya jera a tire ya nuna mini dokokin ƙari.

In wani ya sa ashirin, wani ya kai sittin, ƙarin arba'in ke nan, to na ukun in zai ƙara dole ya kai ɗari ko fiye. Abin da ka furta da baki ya hau kanka, ba ka janyewa. In ka tura jeto ɗaya babba, wato ƙwandalar da ke madadin kuɗi a wasan, ba ka ce komai ba, bi kawai ka yi, ba ƙari ba. Kuma an hana ka tura kaɗan, ka dubi fuskar abokin wasa, ka koma ka ɗebo saura. Ko ka faɗi adadin, ko ka tura duka da hannu ɗaya. Ya ce aikinsa tsare waɗannan ne, ko attajiri ya karya sai ya mayar masa da jetonsa.

Anti, ni lissafin ne ya kama ni. Da muka koma aji na yi wa malamarmu bayani a allo, minti huɗu muryata ba ta yi rawa ba. Ban taɓa yin haka ba a rayuwata. Ta ce wannan ce tambayarki, har mun sa hannu a takarda. Ta biyun a kan yadda magani ke raguwa cikin jini ce, na iya ta, amma haddace ta na yi.

Ga damuwar. Tun ina ƙarama, kafin kowace jarrabawar baki Baba yakan zauna a falo, ya kashe wayarsa, in tsaya in yi masa gwaji. Ba duk Faransancin lissafi yake ganewa ba, amma yana kaɗa kai har in gama, ya ce madalla. Ya ce Lahadi bayan la'asar zai ji duka biyun. Ƙawata Mutmainna ta ce in yi ta maganin kawai, wa zai gaya masa? Ni dabarata ita ce wannan makon in ce "wani wasa ne", in ga yadda ya yi, mako mai zuwa in ce karta, sunan Yaya kuma sai can gaba.

Na san caca haramun ce, ban taɓa yi ba, ba kuma zan yi ba. Amma na ƙudura ba zan canza tambayar ba. Kuma a raina ina cewa, in Baba ya ji aikin yana da tsari, wataƙila ya ɗaga waya in Yaya ya kira. Ko na yi kuskure? In kin yarda, zan so in sake rubuto miki bayan Lahadi.

Ɗiyarki ta Minguettes

Wa alaikissalam ɗiyata. Babu abin gafara a nan, wasiƙarki ta fi ta manya da yawa tsari.

Bari in fara da Baba. Ba rashin sanin dokokin ne ya sa shi fushi ba. Ya san abin da ake yi a teburin nan, ya san gidajen da caca ta rusa, kuma yana ganin mai raba kartar yana da hannu ciki. Tsarin wasa ba ya halatta shi, kada ki je masa da wannan hujja. Ke ma kina da gaskiyarki: nazarin abu daban, yin sa daban, kuma yarinyar da ta samu muryarta a gaban allo ba zan ce ta ajiye ta ba.

Shawarar Mutmainna ki bar ta. Wannan zama na falo amana ce ta shekaru, ranar da ya ji daga wani bakin kin rasa ta. Dabararki kuwa, ki sake karanta dokar da kika rubuto mini: a tura kaɗan, a dubi fuska, a koma a ɗebo saura. In ƴan caca ma sun ga rashin adalcinta, mahaifinki ya fi cancantar a tsare masa ita.

Ki gaya wa Inna yau. Ranar Asabar ki samu Baba, Inna tana zaune, ki faɗa duka a zama ɗaya: poka ce, Yaya ne ya koya miki, ba ki taɓa wasa ba, kina neman ya saurara kafin ya yanke hukunci. Ki kama sunan Yayanki a sarari, da ladabi. Sannan ki roƙi malamarki ta taimake ki ki rufe bayanin da lissafin kason da gidan wasa ke cirewa, wanda ke nuna cewa a jimlace masu wasa asara suke yi. Gaskiya ce, kuma Baba zai ji ta.

In ya saurara har ƙarshe ya ce a'a, kada ki yi masa gardama a ranar. Ki je wurin malamarki da Inna, ku duba abin da za a iya gyarawa. Sulhunsa da Mounkaila kuma kada ki ɗora shi a kan minti gomanki, ya fi ƙarfin jarrabawa. Ke dai ki faɗi sunan sau ɗaya a falon nan, ya isa a wannan makon.

Ki rubuto, ina jira. Allah Ya ba ki sa'a, Ya sanyaya zuciyar Baba, Ya sa ki ji madallarsa.

Anti Kadidiatou